Harafi Ɗaya a Ƙofar Makaranta: Nazarin Tsarin Darajar A zuwa F a Makarantun Gwamnati na Jihohin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tsarin da wasu jihohin Amurka suke bi na auna makarantun gwamnati da sakamakon jarrabawar ɗalibansu, sannan su liƙa wa kowace makaranta harafi ɗaya, daga A zuwa F, su wallafa wa jama'a. Jihar Fulorida, inda tsarin ya faro a 1999, ita ce ginshiƙin nazarin, an kuma kwatanta ta da Karolina ta Arewa da Indiyana da Tekzas. Matsayar maƙalar ita ce harafin yana girgiza makarantun da ke can ƙasa ƙwarai da gaske, amma abin da yake faɗa game da ingancin makaranta ya rataya ne a kan shawarwari uku da jami'an jiha suke yankewa a ofis: wa za a ƙirga, wane nauyi za a bai wa kowane awo, da kuma inda za a ja layin ci.

Gabatarwa

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, saboda haka makarantun gwamnati a hannun jihohi suke. Jihohin kuma sun rarraba aikin ga gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta. A yawancin shekaru, abin da gwamnatin tarayya take bayarwa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa ba. Sauran daga baitulmalin jiha yake fitowa da harajin gidaje da filaye na yankin. Sai dai da wannan ɗan kason ne tarayya take gindaya sharuɗɗanta.

A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka raɗa wa suna Kada a Bar Yaro a Baya. Dokar ta wajabta a yi wa kowane yaro jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da sau ɗaya a babbar sakandare, a kuma fitar da sakamakon rukuni-rukuni: baƙar fata, 'yan asalin Latin Amurka, 'ya'yan marasa galihu, masu buƙata ta musamman, da masu koyon Turanci. Ta kuma ɗora buri cewa nan da 2014 kowane yaro zai kai matsayin ƙwarewa. Buri ne da ba a taɓa jin ƙasar da ta cim ma shi ba. Zuwa 2011, kusan rabin makarantun ƙasar sun faɗa jerin waɗanda suka gaza. A Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara yadda take, amma ta mayar wa jihohi ikon tsara ma'auninsu, bisa sharaɗin su fito da kashi 5 cikin 100 mafi rauni daga makarantun da ke karɓar tallafin talakawa, da kuma sakandaren da ɗalibi ɗaya cikin uku ba ya kammalawa.

Babu ɗaya daga cikin dokokin biyu da ta ce a ba makaranta harafi. Wannan dabara ta jiha ce, kuma ta girmi dokokin duka.

Fulorida, 1999

Jeb Bush, ƙanen George W. Bush, ya hau kujerar gwamnan Fulorida a Janairun 1999. Cikin 'yan watanni majalisar jihar ta amince da shirinsa na ilimi, aka fitar da haruffan farko a wannan shekarar bisa sakamakon jarrabawar jiha mai suna FCAT. Hikimar abin a fili take. Uwar da ba za ta zauna karanta teburin alƙaluma mai shafi goma ba, ta san ma'anar F, domin ta sha ganinsa a katin sakamakon ɗanta. An ɗauki harshen da makaranta take hukunta yaro da shi, aka juya shi a kanta.

Harafin bai zo haka kawai ba, da lada da horo ya zo. Makarantar da ta sami A, ko ta hau mataki ɗaya daga inda take, ana ba ta dala 100 a kan kowane ɗalibi, kuma galibi malamai ne suke raba kuɗin a matsayin tukuici. Wadda ta sami F sau biyu cikin shekara huɗu kuwa, a wancan lokacin ɗalibanta suna da damar karɓar takardar tallafi su koma wata makarantar, har da ta kuɗi. Makarantun firamare biyu a garin Pensakola su ne suka fara faɗawa wannan tarko, yara 50 da 'yan kai suka karɓi takardar suka tafi makarantun kuɗi. A Janairun 2006 Kotun Ƙolin jihar ta soke ɓangaren makarantun kuɗin, amma haruffan suna nan har yau.

Abin da ya faru tsakanin 1999 da 2000 ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarar farko makarantu fiye da 70 ne suka sami F. Da shekara ta zagayo, babu ko ɗaya daga cikinsu da ta maimaita. Magoya bayan shirin suka ce ga hujja nan. Amma ƙa'idar lokacin tana da wata kafa: ana ba makaranta F ne idan ta kasa kai mafi ƙarancin maki a dukkan darussa uku, wato karatu da lissafi da rubutu. Idan ta tsallake ɗaya kacal, ta tsira zuwa D. A cikin ukun nan, rubutu ne ya fi saurin koyuwa, domin jarrabawarsa insha'i ne guda, kuma ana iya horar da yaro a kan tsari ɗaya: gabatarwa, dalilai uku, rufewa. Masu binciken da suka bi diddigin makin sun gano cewa ta ƙofar rubutun nan yawancin makarantun suka fita. Ba zan kira wannan maguɗi ba. Shugabar makarantar da ta karanta ƙa'ida ta ga inda katanga ta fi gajarta, ta tura yaranta can, abin da duk mai hankali zai yi ta yi. Kuma yaran sun iya wani rubutu da a da ba su iya ba. Tambayar ita ce ko D ɗin da aka manna a ƙofa yana nufin makarantar ta fi ta bara ta fuskar da iyaye suka ɗauka.

A 2002 jihar ta sauya lissafin. Aka koma tara maki, aka bai wa ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana kusan rabin nauyi, tare da kaso na musamman ga ci gaban rubu'in ɗaliban da suka fi rauni. Wannan sauyi ya ba masana tattalin arziƙi damar da suke nema, domin makarantun da ke dab da layin D da F kusan iri ɗaya ne, ƙwayar maki ce ta raba su. Cecilia Rouse da Jane Hannaway da Dan Goldhaber da David Figlio sun haɗa makin yara da tambayoyin da suka yi wa shugabannin makarantu, suka ga cewa waɗanda suka sami F a 2002 sun ƙara lokacin koyarwa, sun sake tsara jadawalin darussa, sun ƙara kula da yara masu rauni, makin yaran kuma ya tashi. Hanley Chiang ya bi irin waɗannan yara har ƙaramar sakandare, ya tarar ƙarin da suka samu a lissafi bai zube ba. Jonah Rockoff da Lesley Turner sun sami makamancin haka a birnin Niyok, wanda ya fara ba da haruffa a 2007. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da tsarin yake da ita, kuma masu sukarsa suna yawan tsallake ta. Kunyar F tana sa a tashi tsaye.

Amma a lura da iyakar hujjar. A bakin layin F aka ga tasirin. Ba ta ce komai a kan ko A da B sun bambanta da gaske. Haka nan, ci gaban da 'yan aji 4 na Fulorida suka nuna a gwajin karatu na ƙasa a shekarun 2000 ba za a iya jingina shi ga harafi shi kaɗai ba. A daidai wannan lokaci jihar ta fara hana 'yan aji 3 da ba su iya karatu ba wucewa gaba, ta ɗauki masu horar da malaman karatu, masu zaɓe kuma suka amince a 2002 da rage yawan yara a aji. An zuba magunguna huɗu a ƙwarya ɗaya, mara lafiya ya ji sauƙi, kowane boka yana cewa nasa ne.

Wa aka ƙirga?

Duk wani kaso yana da ƙasa da sama, kuma hanya mafi arha ta ɗaga shi ita ce a rage na ƙasan. Figlio da Lawrence Getzler sun nuna cewa bayan zuwan jarrabawar FCAT, makarantu sun ƙara yawan yara masu rauni da suke sakawa a rukunin masu buƙata ta musamman, rukunin da a lokacin ba a ƙirga makinsa. A wani binciken, Figlio ya dubi yaran da aka kama da laifi ɗaya, misali faɗa tsakanin mutum biyu, ya ga cewa a makonnin jarrabawa mai raunin karatun ne ake ba dakatarwa mafi tsawo, kuma a ajujuwan da ake jarrabawa abin ya fi fitowa. Akwai ma na ban dariya: shi da Joshua Winicki sun duba jerin abincin rana na makarantun jihar Bajiniya, suka tarar gundumomin da ke fuskantar hukunci suna ƙara abinci mai sa kuzari a ranakun jarrabawa.

Sai kuma yaran da ke bakin layi. Idan abin da ake ƙirgawa shi ne yawan waɗanda suka tsallake wani maki, to yaron da ya rage masa kaɗan ya fi kowa daraja a idon makaranta. Wanda ya riga ya wuce ba ya buƙatar kowa, wanda ke can nesa kuma ɓata lokaci ne. Jennifer Booher-Jennings ta zauna a wata firamare a Tekzas ta ga yadda malamai suke kasa yara gida uku a kan wannan lissafi, Derek Neal da Diane Schanzenbach kuma suka ga alamarsa a makin yaran Shikago: na tsakiya sun ƙaru, na can ƙasa ba su motsa ba.

A nan batun ya taɓo mu kai tsaye. Duk shekara idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, jaridu sukan jera jihohi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a yi ta murna ko zargi. Ba kasafai ake tambayar yara nawa ne suka zauna, daga cikin nawa da suka isa zama ba. A jihohi irin Kano, inda ake yin jarrabawar tantancewa kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita, an riga an tace masu zama tun kafin a raba takarda. Amurka ta toshe wannan kafar da sharaɗin cewa sai kashi 95 cikin 100 na ɗaliban makaranta, da na kowane rukuni a cikinta, sun zauna jarrabawar.

Nauyin awo

Abu biyu ake iya aunawa. Na farko matsayin da yaro ya kai a yau. Na biyu tazarar da ya ci daga bara. Na farkon yana ɗauke da duk abin da yaro ya zo da shi daga gida: ilimin iyaye, littattafai, abinci, kwanciyar hankali. Na biyun ya fi kusa da aikin da makaranta ta yi da hannunta. Kowace jiha tana gauraya su, kuma majalisa ce take yanke yawan kowanne.

Karolina ta Arewa ta fitar da haruffanta na farko a Fabrairun 2015, da kashi 80 na matsayi, kashi 20 na ci gaba. A ma'auninta A tana farawa daga 85, B daga 70, C daga 55, D daga 40. Bari in kawo misali na kaina da wannan ma'auni. Makaranta ta farko tana unguwar talakawa, makin matsayinta 45, na ci gaba 85. Ta biyu tana unguwar masu hali, matsayi 92, ci gaba 60. A lissafin 80 da 20, ta farko ta tashi da 53, wato D, ta biyu kuma 85.6, wato A. A mayar da lissafin rabi da rabi: ta farko ta koma 65, wato C, ta biyu ta sauko 76, wato B. Yaran su ne dai, malaman su ne dai, takardun jarrabawar ma ba a taɓa su ba, amma tazarar mataki uku ta dawo mataki ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da aka ga kusan dukkan makarantun da suka sami D da F a wannan jiha su ne waɗanda rabin ɗalibansu ko fiye 'ya'yan talakawa ne. Wanda ke riƙe da taswirar talaucin jihar zai iya cankar yawancin haruffan ba tare da ya leƙa aji ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka awon ci gaba shi ne mafita mara aibi. Thomas Kane da Douglas Staiger sun nuna, da alƙaluman wannan jiha dai, cewa fiye da rabin hawa da saukar da makin makaranta yake yi daga shekara zuwa shekara ba ya ɗorewa. Ƙaramar makaranta mai yara 40 a aji 4, haziƙai biyar ko mura a makon jarrabawa sun isa su ɗaga ta ko su kayar da ita. Awon matsayi yana da tabbas amma gidan yaro yake aunawa. Awon ci gaba ya fi adalci amma yana rawa. Harafi ɗaya yana haɗiye wannan duka, ya fito wa iyaye da fuskar tabbaci.

Kuma tasirin harafin ba a makaranta yake tsayawa ba. Figlio da Maurice Lucas sun gano cewa bayan haruffan 1999, gidajen da ke yankin makarantar A sun fi na yankin makarantar B tsada, ko da makin jarrabawar makarantun ya yi kusa, sai dai bambancin ya ragu a shekarun da suka biyo. A ƙasar da harajin gida yake ciyar da makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hannu a kan sikeli

Kowa ya san mai awon da ke bubbuga gindin mudu. A wannan fage ba a ɓoye ake yi ba, a zaman hukuma ake yi, da ƙuri'a. A 2012 Fulorida ta tsaurara yadda ake duba jarrabawar rubutu, aka fara kula da nahawu da ƙa'idojin rubutu sosai. 'Yan aji 4 da suka kai maki 4 suka faɗo daga kashi 81 zuwa kashi 27. Hukumar ilimin jihar ta yi zaman gaggawa a watan Mayu, ta sauke layin ci daga 4 zuwa 3, sai kason ya koma kusan inda yake bara. A wannan shekarar kuma aka kafa ƙa'idar cewa babu makarantar da za ta sauka fiye da mataki ɗaya, aka sake sabunta ta a 2013. Ma'ana, akwai makarantun da lissafi ya ba su wani harafi, aka manna musu wani.

A Niyok ruwan ta ɗaya gefen ya malala. A 2009, kashi 97 cikin 100 na firamare da ƙananan sakandaren birnin sun sami A ko B, saboda jarrabawar jihar ta yi sauƙi. Sabuwar gwamnatin birnin ta watsar da haruffan a 2014.

Labarin Indiyana ya fi kowanne yin ƙara. A watan Yulin 2013 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa saƙonnin imel da suka nuna cewa a 2012 shugaban ilimin jihar, Tony Bennett, da ma'aikatansa sun gyara lissafin bayan da wata makaranta mai suna Christel House, wadda wata mai ba jam'iyyarsa gudummawa ta kafa, ta fito da C. Bayan gyaran ta koma A. A lokacin da labarin ya fashe, Bennett shi ne kwamishinan ilimi na Fulorida, kuma ya ajiye aiki a farkon Agusta. Adalci ne a faɗi cewa binciken da majalisar Indiyana ta sa aka yi daga baya ya ce gyaran yana da madogara, kuma an yi wa wasu makarantun irinsa. A ganina wannan ne ma ya fi tayar da hankali: lissafin yana da kafofi da yawa, har C da A duk suna iya samun hujja a makaranta ɗaya, a shekara ɗaya.

Ban sa badaƙalar Atlanta a wannan sahu ba, inda rahoton jihar Jojiya na 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a goge amsoshin yara, kotu kuma ta sami 11 da laifi a 2015. Can ba harafi ake nema ba, burin gunduma da na dokar tarayya ake kora. Amma tushen ɗaya ne da abin da masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi gargaɗi a kai tun a shekarun 1970, cewa gwargwadon yadda aka ɗora hukunci a kan ma'auni, gwargwadon yadda za a lanƙwasa shi.

Tekzas

Bayan Jeb Bush ya bar mulki ya kafa gidauniyar da ta yi ta tallata tsarin, jihohi fiye da 12 suka ɗauka. Wasu sun juya baya: Bajiniya ta soke dokarta a 2015 tun kafin ta fara aiki, Niyu Meziko ta bari a 2019, Ohayo ta koma taurari, Yuta da Mishigan suka soke a 2023. Tekzas kuwa ƙara ƙaimi ta yi. Ta fara ba gundumomi harafi a 2018, makarantu a 2019. Lissafinta yana da sassauci a wuri ɗaya: tsakanin matsayi da ci gaba, wanda ya fi kyau shi ake ɗauka a ba shi kashi 70, sauran 30 kuma na cike giɓin da ke tsakanin rukunoni ne. Amma horonta ya fi na kowa zafi. Wata doka ta 2015 ta ce idan makaranta ɗaya ta faɗi shekara biyar a jere, dole kwamishina ya rufe ta ko ya tuɓe zaɓaɓɓiyar hukumar gundumar baki ɗaya.

Da wannan doka, bayan doguwar shari'a, kwamishina Mike Morath ya karɓe gundumar Hiyustan a watan Yunin 2023, gunduma mafi girma a jihar, mai ɗalibai kusan 190,000 da makarantu fiye da 270, ya naɗa Mike Miles ya jagorance ta. Sanadin shi ne babbar sakandaren Wheatley, tsohuwar makarantar baƙar fata, wadda ta jera shekaru tana faɗuwa har 2019. A 2022, shekara guda kafin a karɓe gundumar, Wheatley ta sami C.

A wannan shekara ta 2023 dai hukumar ilimin jihar ta ɗaga makin da sakandare take buƙata don samun A a awon shirya ɗalibai shiga jami'a ko sana'a ko aikin soja, daga 60 zuwa 88, kuma a kan ɗaliban da suka riga suka kammala. Gundumomi fiye da 100 suka kai ƙara, kotu ta hana fitar da haruffan. Sai a watan Afrilun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ba da hanya aka saki na 2023. Uwar da ta buɗe shafin hukumar a ranar don ta ga harafin firamaren ɗanta, wanda yake aji 5 lokacin da aka yi jarrabawar, ta tarar da shi a lokacin da yaron yake gab da gama aji 7 a wata makarantar.